Littafin Aikin Jirgina: Injin Gilo, Man Zurma da Batir

Asabar, 16 ga Nuwamba, 2024

Yau jirgin ya iso gida. Wani bawan Allah ne a Kaduna ya bar harkar, ya ce in zo in kwashe kayan kafin gara ta riga ni. Ƙaramin jirgin sama ne na koyo da ake tuƙawa da rimot daga ƙasa, mai fiffike a sama, faɗinsa daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike mita 1.6, nauyinsa kilo 2.6. A hancinsa akwai injin gilo (ƙaramin injin da fuloginsa ke yin ja ya kunna mai) mai lamba .46, wato cc 7.5, da farfela mai inci 11. Ya haɗa min da rimot biyu, da batirin kunna fulogi, da wata jarka mai ragowar mai kusan rabi.

Tun ina firamare nake ɗaga kai in kalli jiragen 'yan koyo na Abiyeshan, kwalejin koyon tuƙin jirgin sama, suna zagaya saman Palladan. Kwalejin tana nan Zariya tun 1964, kuma duk yaron da ya tashi a wannan yanki ya san wannan ƙarar. Allah bai yi zan zama matuƙi ba, amma abin bai fita raina ba. Yanzu ɗan yayata mai shekara 14 ya kamu da irin ciwon. Niyyata ɗaya ce: kafin ruwa ya sauka manoma su karɓe filayensu, yaron nan ya iya tayar da jirgi ya kuma sauke shi da hannunsa.

Injin ya ƙi juyawa. Tsohon mai ya daskare a cikinsa kamar ƙaro. Ban tilasta shi ba. Na cire fulogi, na ɗiga masa mai, na ajiye shi a rana kan kwanon rufi.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Da zafin rana da haƙuri ya saki. Na buɗe murfin baya na leƙa: akwai tsatsa kaɗan a boris na baya, amma yana juyawa ba tare da ƙara ba. Idan fistin ya zo ƙololuwa yana ɗan cijewa. Wannan ba matsala ba ce, haka ake ƙera irin waɗannan injina marasa ringi, silindar tana tsukewa a sama, sai ta ɗauki zafi take buɗewa daidai da fistin.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Ya tashi. Amma da na zare batirin kunnawa daga kan fulogi, sai ya yi tari biyu ya mutu. Sau bakwai muka yi haka.

Na ɗauke shi na kai wa Baba mai gyaran janareta a bakin layinmu, ba don ya taɓa ganin irinsa ba, sai don kunnensa. Ya juya shi a hannu, ya duba sama ya duba ƙasa, ya ce, "Malam, ina kwayil ɗin? Ina wayar wuta?" Na ce babu. Na kwance fulogin na nuna masa siririyar wayar da ke nannaɗe a cikinsa, na jona mata batir mai volt 1.2, ta yi ja kamar garwashi a tafin hannuna. Na gaya masa wayar tana da filatinam a jikinta. Batir na farkon tashi ne kawai. Da injin ya kama, tururin metanol, babban sinadarin da ke cikin man injin, da ke taɓa filatinam ɗin, tare da zafin ƙonewar da ta gabata, su ke riƙe wayar da ja har mai ya ƙare. Wani Ba'amurke mai suna Ray Arden ne ya fito da irin wannan fulogi a 1947, ya raba masu ƙananan jirage da ɗaukar kwayil da batura a ciki.

Baba ya yi shiru, sannan ya ce, "To ai magana ba ta canza ba. Inji abu uku yake ci: mai, iska, wuta. Tunda wutarsa daga mai take fitowa, in wuta ta mutu ka tuhumi mai tukuna." Na rubuta wannan a bangon littafin nan.

Fulogin dai ya tsufa. Wayarsa ta dusashe ta koma toka-toka, ta kuma karkace gefe guda, alhali sabuwa tana ƙyalli ne a tsakiyar ramin. Na sa sabo daga cikin biyun da suka zo da kayan. Yanzu yana riƙe wuta in totur na sama, amma a silo bai wuce daƙiƙa goma.

Lahadi, 1 ga Disamba

Na duba jarkar man da kyau, sai na ga murfinta ya tsage. Metanol yana zuƙar ruwa daga iska, kuma jarkar nan ta ci damina aƙalla ɗaya a shagon Kaduna. Man da ya sha ruwa yana sanyaya fulogi, alamarsa kuwa ita ce daidai wannan da nake gani. Na ajiye shi don wanke kaya kawai.

Alhamis, 12 ga Disamba

Nan ne na fara gane inda gizo ke saƙar. Man gilo na kanti haɗi ne na abu uku: metanol, da man shafawa kashi 16 zuwa 20 cikin ɗari, da naitiro, sinadarin ƙara wa inji ƙarfi, wanda galibi ake sawa kashi 5 zuwa 15. Na yi kwana goma ina tambaya, ban samu mai sayar da haɗaɗɗe kusa da mu ba. Odarsa daga waje kuwa ba ta yiwuwa cikin sauƙi, domin kaya ne mai kama wuta, ba a ɗora shi a jirgin sama kamar sauran saƙo.

Sai na koma ga tsohon haɗi: metanol kashi 80, man zurma kashi 20, babu naitiro ko ɗigo. Ba ƙirƙirata ba ce, shi ne haɗin da hukumar wasannin jiragen sama ta duniya, FAI, ta tsayar wa wasu gasanninta. Metanol na samo shi wurin masu sayar da sinadarai a Kano, na nace sai mai tsabta a rufaffiyar jarka. Man zurma kuma na sayo tatacce na kwalba.

Abin ya ba ni mamaki har na zauna ina kallon kwalbar. Zurmar nan da ke fitowa da kanta a bayan gida da bakin juji, wadda iyayenmu ke hana mu wasa da 'ya'yanta saboda gubarsu, ita ce ke ba da man da masu injinan nan suka fi yarda da shi tun da can. Dalili shi ne yana gauraya da metanol, abin da man injin mota ba ya yi, kuma in inji ya yi zafi fiye da kima ba ya gudu ya bar ƙarfe tsirara. Aibinsa shi ne wanda na gani ranar farko, in aka bar shi ya kwana biyu sai ya daskare.

Na auna mililita 800 na metanol, na zuba 200 na zurma, na girgiza har ya zama abu ɗaya. Na yi wannan a tsakar gida, nesa da madafa. Metanol guba ne, ɗan kaɗan yana makantar da mutum, kuma in ya kama wuta da rana harshensa kusan ba ya ganuwa. Ga shi fari tas kamar ruwan sha. Na rubuta GUBA da jan fenti a jikin jarkar, na kulle ta a akwatin ƙarfe, makullin yana aljihuna. Na kuma tara yaran gidan na nuna musu.

Asabar, 14 ga Disamba

Hunturu ya kankama. Ƙarfe bakwai na safe injin ya ƙi tashi sam, domin metanol ba ya son yin tururi a sanyi. Na yi ta ƙara masa mai ta bakin kafireta har ya yi obafulo, farfela ta cije. In aka tilasta inji a wannan hali sandar fistin na iya lanƙwashewa. Na cire fulogi, na kifa shi, na juya har man ya fita.

Da hantsi ya yi ya tashi a bugu na uku. Da sabon man nan silo ya zauna, na zare batir bai ko girgiza ba. Yaron ya yi tsalle yana cewa, "Kawu, bai mutu ba! Bai mutu ba!"

Saitin da na tsaya a kai: babbar allurar daidaita mai ta kafireta na buɗe ta juyi biyu, na tayar, na kai totur ƙarshe, na riƙa rufe ta a hankali har ƙarar ta kai ƙololuwa, sannan na mayar da ita baya ƙyas uku. Gara ya ɗan ƙoshi da mai yana hayaƙi da ya ji yunwa ya ƙone. Ƙaramar allura ta silo kuma da matse tiyo ake gane ta. In ka matse ya mutu nan take, yunwa yake ji. In ya daɗe yana gudu kafin ya mutu, ya ƙoshi da yawa. Abin da ake so ya ɗan ƙara gudu na daƙiƙa uku ko huɗu sannan ya fara sanyi. Rashin naitiro ya sa allurar ta yi tsauri, ƙyas ɗaya yana canza komai.

Farfela ta buge ni a ɗan ali lokacin da injin ya yi baya. Daga yau da guntun sandar tsintsiya mai sanye da tiyon roba za mu riƙa bugawa, kuma yaron ba zai tsaya a gaba ko a gefen farfela ba, sai a baya.

Asabar, 28 ga Disamba

Tashin farko. Filin wata gonar dawa ce da aka girbe, can bayan Shika, nesa da hanyar jiragen Abiyeshan. Na fara zuwa wurin mai unguwa da mai gonar na gaishe su, na nuna musu jirgin, na bayyana cewa babu kyamara a jikinsa. A wannan zamani duk abin da ke shawagi a sama yana tayar wa mutane hankali, kuma suna da gaskiya.

Ya tashi lafiya. Minti huɗu yana zagaye, hayaƙi fari siriri yana bin sa. Da na ɗaga hancinsa don ya ƙara sama, ƙarar ta yi siriri, ta yanke. Shiru. Na sunkuyar da hanci don kada gudu ya ƙare masa, na juyo da shi, amma bai kawo inda muka share ba, ya faɗa cikin kututturan kara. Farfela ta karye, ƙafar gaba ta lanƙwashe, ledar fiffike ta yage wuri biyu.

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Sau biyu kuma ya sake yi, duka tsakanin minti huɗu da biyar. A ƙasa kuwa lafiya lau, ko na ɗaga hancinsa sama ina riƙe da shi ba ya canza murya. Na canza fulogi, na buɗe allura, na wanke kafireta, duk a banza.

Ruwa ba ya tsami banza. Daren jiya ina kwance sai tambayar ta zo min: me ya sa kullum minti huɗu? Me ke canzawa a minti huɗu? Tankin mililita 270 ne, yana kai minti goma. Minti huɗu zuwa biyar kenan mai ya kusa rabi. Ni kuma duk gwajin da nake yi a ƙasa da cikakken tanki nake yin sa.

Da safe na zaro tankin. Na toshe bakin tiyo ɗaya, na nutsa shi a bahon wanki, na hura ta ɗayan. Babu kumfa, jikin tankin lafiya yake. Na kwance murfin na zaro kayan ciki, wato tiyon roba mai ɗan ƙarfe mai nauyi a ƙarshensa, wanda ke bin mai duk inda jirgi ya karkata. Da ido ban ga komai ba. Sai da na ja robar na miƙe ta a hasken taga, sannan wata 'yar tsaga ta buɗe baki, daidai inda robar ta hau bututun tagulla. Ba ta kai tsawon ƙwayar gero ba. Bakin bututun yana da kaifi, shi ya yi ta cin ta a hankali. Muddin mai ya rufe wurin, injin mai yake zuƙa. Da mai ya sauka ƙasa da tsagar, ko jirgi ya ɗaga hanci man ya koma baya, sai ya fara zuƙar iska.

Na goge bakin bututun da sanfefa, na sa sabuwar roba, na tabbatar ɗan ƙarfen yana lilo bai taɓa bayan tanki ba. Na canza har tiyon da ke kawo matsin iska daga salansa zuwa tanki. Da yamma muka yi tashi biyu, kowanne minti tara, injin bai yi ko tari ba.

Na riƙe guntuwar robar nan na sa ta a ambulan na manna a shafin nan. Mako biyu da farfela biyu ta ci min, kuma injin da nake ta zargi ba shi da laifi ko kaɗan.

Asabar, 25 ga Janairu

Ƙura. Injin irin wannan ƙaramin jirgi ba shi da matatar iska, bakin kafireta a buɗe yake, filinmu kuma garin ƙasa ne. Duk lokacin da ya yi gudu a ƙasa farfela tana tayar da ƙura ta cusa masa. Man zurma da salansa ke fesawa a jikin jirgin yana kama ta, kafin mu tashi gida gefen dama ya zama kamar an shafa masa kunu. Na ɗaure bakin kafireta da guntun safa mai shara-shara, na sake saita allura. Muna shimfiɗa tabarma a inda muke tayar da shi.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Na zauna na yi lissafi daga littafin nan. Fita tara muka yi. Jimlar lokacin da jirgin ya yi a sama bai kai awa ɗaya ba, wanda yaron ya riƙe rimot a ciki kuwa minti goma sha ɗaya ne. Sauran duk tsugunno ne a gaban inji. Saitin da ya yi da sanyin safe ba ya yi da rana ta take, domin iska mai zafi ba ta da kaurin mai sanyi, sai an sake taɓa allura.

Ni wannan tsugunnon ba ya damuna, ina jin daɗinsa ma. Amma jiya na lura yaron ya koma gindin kuka ya zauna yana zane a ƙasa da kara. Da muna dawowa ya ce, "Kawu, yaushe zan koyi sauka?" Ban samu amsar da zan ba shi ba. Sauka ita ce ta fi buƙatar maimaici, a zo ƙasa-ƙasa da silo, in bai yi ba a ba da totur a sake zagayowa. Wannan kuwa shi ne daidai wurin da injin da ba shi da naitiro ya fi yin shakka. Ba zan miƙa wa ɗan koyo jirgin da ban tabbata zai amsa ba.

Na kira mutumin Kaduna na gaya masa ina tunanin cire injin in sa moton lantarki mai aiki da batir. Bai ji daɗin maganar batir ba. Ya ce, "Haba Malam, da tsohuwar zuma ake magani. Jirgin da ba ƙara ba hayaƙi ai fanka ce." Ya ƙara da hujja mai ƙarfi: da inji, in mai ya ƙare minti biyu ka cika ka koma sama, da batir kuwa sai ka jira awa guda, a garin da wutar ma sai an ga dama. Ban musa masa ba. Na dai ce masa shi ma ya san dalilin da jarkarsa ta kwana rabi, ba don ya gaji da jirgi ba ne, tsoron ƙarewar man ne ya sa ya riƙa tattalinsa har ya lalace. Ya yi dariya ya ce haka ne.

A ganina tambayar a wurinmu ba ta wane ya fi ƙarfi ba ce. Tambayar ita ce wanne za ka iya ciyarwa duk mako. Fulogi na ƙarshe ke kan injin yanzu, wani sai an yi oda.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Na yi oda. Ƙa'idar da masu harkar ke bi ita ce kusan wat 100 ga kowane laba ɗaya na nauyin jirgi in ana son tashi mai walwala. Kilo 2.6 ya kusa laba 6, don haka ina neman wat 550 zuwa 600. Na zaɓi moto marar burushi mai juyi kusan 700 a minti kan kowane volt, da na'urar totur mai ɗaukar amfiya 60, da batirin lifo (irin na litiyom da ake caji) biyu masu ɗaki huɗu, wato ƙananan batura huɗu a haɗe cikin kowanne, volt 14.8, miliamfiya 4000 kowanne, da caja mai daidaita ɗakuna wadda ke aiki da wutar gida ko batirin mota. Na ƙara da mitar auna wat. Kuɗin ya yi nauyi, kusan duk a batir da caja ya tafi.

Laraba, 12 ga Maris

Azumi ya kama tun 1 ga wata, mun dakatar da fita. Kaya sun iso, ina aiki bayan tarawihi.

Na sauke injin, na zaro tanki, na cire sarbo, 'yar na'urar da ke jan totur. Katakon da injin ke ɗaure a kai ya sha man zurma har ya yi baƙi, gam ba zai kama shi ba. Na barbaɗa masa garin sitaci, na ɗora takarda, na bi da dutsen guga mai ɗumi. Sitacin yana tsotse man ya koma rawaya, in kankare in sake. Dare uku na yi ina wannan kafin katakon ya yi haske.

Moton ya fi injin gajarta da sauƙi, don haka na yi masa ƙafafu da dogayen kusoshi huɗu don farfela ta fito inda take a da. Na bar ɗan karkacen da injin ke da shi zuwa dama da ƙasa, da wosha biyu a ƙarƙashin ƙafafun hagu. Batir ya zauna a gurbin tanki, na yanka ƙofa a sama, na yi masa shimfiɗa da maɗauri. Na huda ƙofar iska a gaba, na huda wadda ta fi ta girma a ƙasan ciki ta baya don zafi ya samu mafita. Da na ɗora jirgin kan yatsu biyu a ƙarƙashin fiffike sai jela ta rinjaya, na tura batirin gaba har ya daidaita, na yi alama da biro. Wani alheri a nan shi ne batir ba ya raguwa a nauyi, yadda ya tashi haka zai sauka.

Laraba, 19 ga Maris

Gwaji a tebur, ba farfela. Wannan na jaddada wa yaron sau uku. Injin gilo in yana kashe kowa ya san yana kashe. Moto kuwa yana zaune shiru alhali a shirye yake, hannun riga ya taɓa totur sai ya zabura, kuma ba ya tsayawa don ya bugi yatsa. Na saita makunnin kashe totur a rimot biyun. Dokarmu: rimot ake fara kunnawa, batir ake fara cirewa.

Moton ya juya baibai, na musanya biyu daga wayoyi ukun, ya gyaru. Da na sa farfela mai inci 13 mita ta nuna amfiya 58, ya yi kusa da iyakar na'urar. Na koma mai inci 12, ta ba ni amfiya 41, kusan wat 600. A nan na tsaya.

Asabar, 5 ga Afrilu

An yi Sallah ranar Lahadi, yau muka koma fili. Daga sauke kaya zuwa tashi minti biyar. Ba na jin komai sai shuuu na farfela da iska a jikin fiffike, har ina jin muryar masu kiwo daga nesa. Gaskiya kunnena ya yi maraicin ƙarar nan, da ita nake sanin halin da jirgi ke ciki, yanzu sai da ido da agogo.

Na sa agogon rimot minti bakwai. Ba a son a sha fiye da kashi 80 na batir, wato miliamfiya 3200, kuma a tafiyar koyo da rabin totur hakan yana isa. Na haɗa rimot biyun da waya, nawa ne babba, in na saki maɓalli iko ya dawo hannuna. A batir biyu yaron ya yi gwajin sauka goma sha huɗu. Duk lokacin da ya ba da totur, jirgin ya amsa.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Batir ma yana da nasa hali, kuma na koya da tsada.

Ranar Juma'a ba a kawo wuta ba sam, na je fili da batir ɗaya cike ɗaya rabi, na ce zan yi caji da batirin mota. Kowane lifo yana ɗauke da kusan wat 59 na awa guda, cajinsa a amfiya 4 yana cin awa ɗaya. Caji uku na yi mota tana kashe. Da za mu tafi ta ƙi tashi, sai da samarin ƙauyen suka taimaka da turi. Batirin mota ba a yi shi don a tsotse shi a hankali ba.

Darasi na biyu ya fi ciwo. Yaron yana ta samun hannu, agogo ya yi ƙara na ce ya ƙara zagaye biyu. Muka kai minti goma sha ɗaya. Da na buɗe ƙofar batirin yana da zafin da ban iya riƙe shi ba, ga zafin bazara ana narkewa. Mita ta nuna wani ɗaki ya sauka volt 3.1. Yau da safe na tarar ya kumbura kamar burodi. Cikakken ɗaki volt 4.2 ne, kuma ya kamata in sauko da shi yana da wajen 3.7. Laifina ne, na ji agogo na ƙi bi. Na ware shi, ba zai sake hawa jirgi ba.

Abin da na tsara daga yau: batir yana tafiya a cikin kula, a inuwa, ba a barin sa a mota. Ba a cajin sa sai ya huce. A gida caji a tsakar gida ne kan siminti, cikin tsohuwar tukunyar ƙasa da na zuba wa yashi, kuma ina zaune a wurin har ya gama, domin wutar lifo in ta tashi ba ta jin lallashi. In zai kwana fiye da biyu ba aiki, ina sauke shi zuwa 3.8 kowane ɗaki. Maƙwabcina mai sola ya yarda in riƙa caji a wurinsa da rana in wuta ta ƙi zuwa.

Asabar, 26 ga Afrilu

Ya sauke shi. Ƙarfe takwas saura, iska ta kwanta. Ya jero shi da bishiyar kuka, ya rage totur, ya bar shi yana zamewa, ya ɗan ja hanci daidai lokacin, ƙafafun baya suka taɓa, ya yi tsalle ɗaya ƙarami ya zauna. Yatsana yana kan maɓalli ban sake shi ba. Ya juyo ya ce, "Kawu, kai ne ko ni ne?" Na ce kai ne. Ya ajiye rimot a tabarma ya ruga wurin jirgin, na kira shi ya dawo ya kashe totur tukuna.

Asabar, 10 ga Mayu

An yi ruwan farko, mai gonar ya fara shara, ya ce mako mai zuwa zai yi huɗa. Na yi masa godiya, na kai masa goro da sukari. Ana min maganar wani filin ƙwallo a ƙauyen gaba, zan je in ga mai unguwarsu ranar Talata.

Da yamma na ɗaure injin gilo a kan benci da sabon tanki. Ya tashi a bugu na biyu, ya shanye tankin duka, ya yi silo na minti guda cur, na ba shi totur ya amsa ba gardama. Baba ya taso daga shagonsa ya tsaya yana saurare, ya ce muryarsa ta washe. Da ya ƙare na zare tiyo na bar shi ya ƙone ragowar man cikinsa, na ɗiga masa man kariya ta kafireta da ramin fulogi saboda damina, na juya shi sau goma, na naɗe shi a tsumma.

Jirgin koyo zai zauna a batir, na yaron ne yanzu. Injin kuma na fara yanka masa haƙarƙarin fiffike na wani jirgin, mai fiffike a ƙasa, faɗin mita 1.4, na gama tara cikin ashirin da biyu. Saura mililita 600 na metanol a jarka, na naɗe murfinta da leda na ɗaure da roba. Odar da ke hanya: fulogi uku, batir ɗaya, farfela biyu masu inci 12.